Kwalba Mai Lamba Uku

Litinin, 4 ga wata, ƙarfe bakwai da rabi na safe

Baba yana asibiti tun ranar Asabar. Aman jini ya yi har sau biyu a ƙofar ɗakinsa. Likita ya ce gyambon cikinsa ne ya fashe, kuma ba haka kawai ya fashe ba, akwai abin da ya tsokane shi. Ya tambaya ko Baba yana shan asfirin ko danginta. Shekara shida ke nan da aka hana shi su, kowa a gidanmu ya sani har jikoki. Farasitamol kaɗai aka yarje masa saboda ciwon gwiwa.

To, a ina Baba yake samun magani? A kemis ɗin Auta, ƙaninmu. Shi ke nan, Babbar Yaya ta gama yanke hukunci tun a barandar asibiti. Ta ce ƙwayar jabu ya ɗura wa tsoho, ta hana shi shiga ɗakin, ta kuma rantse sai ta kai shi ƙara hukuma an rufe shagon. Abu ɗaya take jira, takarda daga hannuna. Ta ɗauko ledar ƙwayoyin da ta samu a kan teburin Baba ta danƙa min, ta ce, "Dakta, kai ne mai ilimin. Ka auna min su. In ka samu abin da nake zargi, wallahi sai ya bar sana'ar nan."

A gida Dakta suke ce min. A nan kwaleji kuwa, ni ne mai kula da ɗakin gwajin sinadarai, shekara goma sha tara. Ni nake haɗa ruwan gwaji, in jera kwalabe, in tsaya a kan ɗalibai kar su ƙona ginin. Masu manyan digiri su zo su yi rubutu a allo su kama gabansu, amma aikin ni na san shi.

Shi kuwa Auta da ƙyar ya gama sakandare. Ya yi shekara biyar yana goge kantar shagon wani, ya fito wai shi ma ya san magani. Ilimin nasa bai wuce ƙirga ƙwaya goma-goma a zuba a leda ba. Ba zan ce na yi mamaki ba.

Talata, 5 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Abin dariya, gwajin da 'yan aji biyu suka yi yau shi ne dai wanda Babbar Yaya take so in yi mata: gane maganin ciwo a kan faranti.

Aikin ba shi da wani sihiri. Farantin ɗan siririn falle ne na alminiyam, tsawon yatsa, an shafe fuskarsa da farar hoda. Ka ja layi da fensir kusa da gindinsa. Ka daka ƙwayar a ɗan turmi, ka narkar da ita a sifirit, ka ɗauki ɗigo da siririn bututun gilashi ka ɗiga a kan layin. A gefenta ka ɗiga waɗanda ka riga ka san su: farasitamol, asfirin, ibufurofen. Sai ka tsayar da farantin a tulun gilashi mai ɗan ruwan sinadari a ƙasa, ka rufe. Ruwan zai riƙa hawa a hankali yana jan kowane magani, amma kowanne da inda ƙarfinsa yake ƙarewa. Farasitamol tana tsayawa wajen tsakiya, asfirin ta wuce ta, ibufurofen ta kusa kaiwa sama. In ya bushe ido ba ya ganin komai, sai an sa shi a ƙarƙashin fitilar duba tabo. Nan farantin zai yi kore, tabon kowane magani ya fito baƙi. Wanda tabon ƙwayarka ya yi kafaɗa da shi, to shi ne ita.

Wannan ɗan abin ne ya gagari mutum talatin masu gemu da masu jakar hannu. Wani ya ja layin da biro, tawadar ta bi ruwa ta yi masa ado har sama. Wata ta cika tulu da ruwa har ya nutsar da ɗigon, sannan ta zo tana tambayata ina maganin ya tafi. Na ce mata ya tafi inda hankalinta ya tafi.

Muna ba su kwalabe huɗu marasa suna, sai lamba kawai, su gano abin da ke ciki. Tun da na zo wurin nan tsarin ɗaya ne: ɗaya asfirin, biyu ibufurofen, uku farasitamol, huɗu gauraye. Ban taɓa rubuta shi ba, a kaina yake.

Sabuwar Malama tana ta yawo tsakanin tebura tana murmushi, tana "kun yi ƙoƙari, kun yi ƙoƙari". Wata biyar ke nan da zuwanta, amma takardun sanarwar da ta liƙa a allo sun fi na duk waɗanda suka gabace ta. Ko ɗaya ban taɓa tsayawa na karanta ba. Me za ta faɗa min a kan ɗakin da na fi sanin lungunansa fiye da na gidana?

Laraba, 6 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na gwada ƙwayar Auta.

Tabo ɗaya, daidai kafaɗa da farasitamol. Babu komai a wajen asfirin, babu komai a sama. Tas.

Sa'a ya ci. Mutumin da ke zuba ƙwaya da hannu a leda, wa ya sani ko gauraye suke? Guda goma sha ɗaya ne a ledar, ɗaya kawai na daka.

Alhamis, 7 ga wata, ƙarfe uku na rana

Na daka huɗu. Duka huɗun farasitamol.

Jumma'a, 8 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na je asibiti. An ƙara wa Baba jini leda biyu. Ya rame, leɓensa ya yi fari, yana magana kamar daga cikin rijiya. Na tsaya minti goma na fito, ba na son warin wurin.

Auta yana zaune a benci a baranda, da filas ɗin shayi a kan cinya wanda ba wanda zai karɓa. Nas ta ce kullum haka yake zuwa, safe da yamma, ya zauna ya tashi. Da ya gan ni ya miƙe har yana tuntuɓe.

"Yaya, ka gwada?"

"Ana kai," na ce.

"Wallahi Yaya a hannun dilan da na saba saye na saya, kwalin ma yana nan a shago, in kana so in kawo maka ka ga lambar."

"Kwali ba ya magana a ɗakin gwaji. Kimiyya ba a yi mata gaggawa."

Ya ce, "Haka ne, Yaya. Kai ka sani." Ya koma ya zauna.

Wannan sanyin nasa shi ya fi ba ni haushi. Namiji ɗan shekara talatin da huɗu, mai 'ya'ya uku, a ce maka ka kusa kashe ubanka, ka ce "haka ne". Da ni ne da asibitin nan bai ɗauke mu ba.

Ban gaya wa Babbar Yaya sakamakon ba. Ban gama ba tukuna.

Litinin, 11 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Rahoton ɗalibai ya zo. Ni nake fara dubawa kafin a kai wa Malama. Rukuni shida ne, biyar sun rubuta cewa lamba uku asfirin ce. Rukuni ɗaya ne kawai ya rubuta farasitamol, kuma su na san ko faranti ba su gama ba, amsar 'yan bara suka kwafa.

Na zabga wa biyar ɗin jan biro. Ga irin mutanen da gobe za a ba su amanar lafiyar jama'a. Tabo ya tsaya a tsakiya ko ya wuce, wannan ma sai an kira musu taro.

Malama ta leƙo tana riƙe da kwalba ta uku, tana karkaɗa ta. Ta ce, "Malam, ɗari biyu na zuba a nan farkon zango, ga shi ko rabi ba ta kai ba. Sauran kwalaben kuwa kusan cike suke."

Na ce ɗalibai ne, ɓarna a jininsu take. Ta dube ni, ta dubi kwalbar, ta ce "to", ta fita. Yanzu kuma ƙirgar ƙwaya ta koma yi. Sai a haɗa ta da Auta su buɗe shago.

Talata, 12 ga wata, ƙarfe goma na safe

Ta dawo da rahotannin a hannu, ta ja kujera ta zauna ba tare da na ce ta zauna ba.

"Malam, ina ga an samu kuskure a gyaran nan. Biyar ɗin nan su ne daidai. Lamba uku asfirin ce."

Na yi dariya. Na ce, "Malama, tun kina firamare lamba uku farasitamol ce a ɗakin nan."

"Shi ya sa na canza," ta ce. "Kowa ya haddace, ba mai yin gwajin da gaske. Na sayo sababbi farare masu kama da juna, na juya lambobin. Na liƙa a allon ofis tun makon farko, na kuma sa maka kwafi a ƙarƙashin ƙofa. Ba ka gani ba?"

Ban san me fuskata ta yi ba, amma ta miƙe ta ce, "Malam, lafiya? In kawo maka ruwa?"

Na ce lafiya lau, ta ja min ƙofa in ta fita.

Talata, ƙarfe huɗu na yamma

Takardar tana nan a cikin aljihun tebur. Ashe guntun alli na naɗe da ita.

Laraba, 13 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Na zo kafin kowa, na kulle ƙofa, na gwada kwalba ta uku da hannuna. Sabon faranti, sabon bututu, sabon ruwa. Na ja layin da rula kamar ranar da na fara aiki. Na zauna ina kallon ruwan yana hawa, minti goma sha biyu, ban taɓa jin tsawonsu irin na yau ba.

Tabon ya wuce tsakiya. Ya tsaya kafaɗa da asfirin.

Na sake. Haka.

Ɗalibai dai jakai ne, wannan bai canza ba. Sai dai wannan karon jakan sun faɗi daidai.

Alhamis, 14 ga wata, ƙarfe sha biyu na rana

Zan rubuta sau ɗaya, ba zan ƙara ba.

Mako uku kafin Baba ya faɗi, na je gaishe shi na tarar yana riƙe da gwiwa, ga ledar Auta a gefe. Na ɗaga ledar da yatsa biyu na ce, "Baba, wannan allin kake sha? Bari in kawo maka na gaske, daga ɗakin gwaji, wanda aka tabbatar." Washegari na buɗe kwalba ta uku na zuba masa a wata 'yar roba. Na ce biyu da safe, biyu da rana, biyu da yamma. Ya yi ta sa min albarka. Bayan mako guda ya ce min gwiwar ta yi sauƙi sosai, lallai na ilimi daban ne. Na ji daɗi har na ƙara masa wasu.

To amma wa ya aiki Malama ta taɓa tsarin da ya shekara goma sha tara yana aiki? Mutum ya zo jiya, bai san inda ake ajiye tsintsiya ba, ya fara juya lambobi. Kuma wane irin sashe ne ake sanar da babban abu irin wannan a takarda, ba a zo a gaya wa mutum baki da baki ba? Ga ta can yanzu tana dariya da ɗalibai a baranda, ko a jikinta.

Jumma'a, 15 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Babbar Yaya ta tare ni a bakin ƙofar asibiti, hannu a ƙugu.

"Dakta, kwana goma sha ɗaya fa. Jinin mutum ma kwana biyu ake auna shi."

Na ce fitilarmu ta lalace, ana jiran mai gyara.

"Kai dai kana jin tausayinsa ne, na san ka. Kar ka rufa masa asiri, wannan ran mahaifinmu ne."

Na ce ba na rufa wa kowa asiri.

Ita ma dai. Tun muna yara haka take, sai ta samu wanda za ta tsaya a kansa take jin ta cika babba. Ta gaya wa maƙwabta, ta gaya wa matan wurin aikinta, ta gaya wa mai kai ta asibiti a babur. Mutumin da bai san bambancin asfirin da gishiri ba yanzu yana da ra'ayi a kan shagon Auta.

Asabar, 16 ga wata, ƙarfe tara na safe

Ban je ba.

Litinin, 18 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Na biyo ta layin shagon Auta, ba don komai ba, hanyar ce ta fi kusa. Ƙofa ɗaya a buɗe, ɗaya a rufe. Matarsa ce a ciki tana kore ƙuda. A da, warhaka sai ka tarar da mata biyar shida a tsaye da yara a hannu. Yau ba kowa, sai tela na kusa da ya ɗago kai ya bi ni da kallo.

Shago ne dai ɗan ƙarami, kanta uku da firji mai ƙara. Ba wani abin a zo a gani ba ne.

A gida matata ta ajiye min abinci ta tsaya. Ta ce matar Auta ta kira ta tana kuka, wai an fara ce wa babbar 'yarsu a makaranta babanta mai sayar da guba ne. Ta ce, "Kai da kake cewa gwajin nan minti ashirin ne?"

Na ce ta san aikina ne ko kuwa? Ta ɗauke kwanon ruwa ta fita, ta bar ni da abincin.

Talata, 19 ga wata, ƙarfe uku na rana

Na gyara makin rukuni biyar ɗin. Wani dogo a cikinsu ya ce, "Malam, ashe mu ne daidai." Na ce ya je ya wanke tulunsa, ya bar shi da datti.

Na daka sauran ƙwayoyin Auta guda shida. Ban san me nake nema ba. Farasitamol.

Laraba, 20 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Baba ya ɗan farfaɗo, har ya zauna an jingina masa filo. Babbar Yaya ta tafi karɓo magani, aka bar mu mu biyu. Ya yafito ni da hannu, na matso.

"Dakta, likita ya sake tambayata yau. Ya ce in tuna da kyau ko akwai wani abin da nake sha."

Na gyara masa filo, ya ci gaba.

"Na ce masa na shagon Auta ne kawai."

Na ce, "Baba..."

"Tun da na fara shan naka cikina yake zafi. Na ce ko ƙarfinsa ne. Robar tana cikin aljihun rigar sanyina, a bayan ƙofa. Ka je ka ɗauke kafin yayarka ta yi wanki."

Na ce, "Baba, ka san abin da ake yi wa Auta a waje?"

Ya rufe ido. Ya ce, "Na sani. Ina jin muryarsa a baranda kullum." Ya ɗan numfasa, sannan ya ce, "Shi Auta ya saba a ce ya yi kuskure. Zai ɗauka. Kai ba ka saba ba."

Ya faɗa ne da tausayi, yana shafa bayan hannuna. Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Shekara arba'in da bakwai ina ganin ni ne ƙarfin gidan nan, ashe tsohon ya auna mu tun tuni ya ga wanda ba zai iya ɗaukar laifinsa ba. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na fito ta ƙofar baya don kar in wuce ta gaban bencin.

Alhamis, 21 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Na ɗauko robar. Saura tara a ciki.

Jumma'a, 22 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Babbar Yaya ta kira. Ta ce ta gaji da jiran fitilata, ranar Litinin za ta kai ƙarar da takarda ko ba takarda, su hukuma su auna da kansu.

In suka auna za su samu farasitamol, su wanke Auta. Wata nawa za su ɗauka kafin nan, shagon yana rufe? Kuma in an wanke shi a takarda, wa zai bi gida gida ya gaya wa matan layin? Za a ce ya san wani ne a sama. Ni kuwa ba wanda zai taɓa tambayata komai. Robar tana aljihuna, masai yana bayan ɗakin gwaji, taku ashirin.

Na zauna na rubuta sakamakon ƙwayoyin Auta, goma sha ɗaya, kowace da nisan da tabonta ya tafi. Na sa hannu. Na kai wa Malama na ce ta duba ta sa nata hannun. Ta karanta, ta ce aikin ya yi tsaf. Ta tambaya ko na wani ne na kusa. Na ce na ƙanina ne. Ban taɓa kiransa haka a wurin aiki ba.

Asabar, 23 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na samu Babbar Yaya da Auta a barandar asibiti, ita a bakin ƙofar ɗaki, shi a ƙarshen benci, ba mai kallon wani. Na miƙa mata takardar. Ta karanta da baki a hankali, ta kai ƙasa, ta koma sama.

"Me wannan yake nufi?"

"Ƙwayarsa lafiya lau take. Duka. Tun ranar shida ga wata na sani."

"Tun ranar shida?" Ta zaro ido. "To me ya ci cikin Baba?"

Na fito da robar na ajiye a kan benci tsakaninsu. Na faɗa musu komai, kwalbar, lambar, takardar da ban karanta ba, biyu-biyu sau uku a rana har mako uku. Na shirya jawabi a hanya, da bayani a kan Malama da tsarinta, amma da na buɗe baki ban ga inda zan sa shi ba.

Babbar Yaya ta zauna daɓas. Ta dube ni, ta dubi Auta, ta sa gefen mayafi ta rufe baki.

Na jira ya zage ni. Na so ya zage ni. Sai ya ajiye filas ɗinsa, ya buɗe robar, ya zazzago ɗaya a tafin hannu. Ya juya ta da babban yatsa, ya kai robar hanci ya shinshina.

"Asfirin ce," ya ce. "Mai miligiram ɗari uku. Ba ka ga ta fi farasitamol ƙanƙanta ba? Ga tsamin ma yana tashi."

Na karɓa na shinshina. Ban ji komai ba. Shekara goma sha tara ina shaƙar ruwan tsami a ɗakin gwaji, hancina ya daina jin sa.

"Shida a rana ka ce? Kwana nawa daidai?"

"Ashirin da ɗaya. Ko da biyu."

"Dole likita ya sani yanzu, kafin ya rubuta masa na tafiya gida." Ya rufe robar ya miƙe. Babbar Yaya ta janye ƙafafunta ya wuce.

Har ya kama hannun ƙofa sai ya juyo. Idonsa ya yi ja, amma muryar tana nan yadda take, ba ta tashi ba.

"Yaya, shagona a kan hanyarka yake. Da ka tsaya ka nuna min guda ɗaya."